"Royalties on" ko "royalties from"? Ƙaramar kalma mai cin kuɗi

Yau Turanci za mu taɓa, amma Turancin da ke shiga aljihu. Marubuta da mawaƙa, ku matso kusa, domin yawancin yarjejeniyar da ake miƙo muku da Turanci take zuwa.

Kalmar ita ce "royalty". Tushenta ɗaya da "royal", wato abin da ya shafi sarauta, shi ya sa har yau ake kiran dangin sarki da ita. A harkar littafi da waƙa kuwa, kason da ake biyan mai aiki ne duk lokacin da aka sayar da aikinsa. In adadin kason kake nufi, ka ce "a royalty of 10%". In kuɗin da ke shigowa ne, "royalties". Kuma don Allah ba "loyalty" ba, wannan biyayya ce, ba ta sayen ko buhun shinkafa.

To, "on" ko "from"? Duka daidai ne, aikinsu ne ya bambanta. "Royalties from my book" na faɗin inda kuɗin ya fito. "Royalties on sales" na faɗin abin da aka ɗora lissafin a kai. Ni a nan nake so ku buɗe ido, ku duba abin da ya biyo bayan "on". A ce littafinki naira 3,000 ne, kasonki 10%. In an rubuta "on the cover price", kina da naira 300 a kowane kwafi. In kuma "on net receipts" aka sa, mai shago ya cire 40%, saura 1,800, naki ya koma 180. Ga shi duka 10% ne a takarda!

Sai "advance against royalties". Kuɗin kafin alƙalami ne da za a cire daga kasonki na gaba, ba kyauta ba. An ba ki naira 300,000 a kan lissafin 300 ɗin nan? Sai an sayar da kwafi 1,000 kafin ki sake ganin sisi.

Masu haɗa bidiyo kuma, "royalty-free" ba ya nufin kiɗan banza ne kowa ya kwasa. Sau da yawa ana biyan kuɗin lasisi sau ɗaya, sai a yi ta amfani ba tare da ƙarin biya ba, kuma haƙƙin mallaka na nan hannun mai shi.