Jawabi A Kan Jaruntakar Kofur Fazal Din



Kun san a Yaƙin Duniya na Biyu samarinmu da yawa sun shiga soja ta hannun sarakuna da En'e, aka kai su Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82, suka gwabza da Japanawa a Kaladan da Arakan. To, a wannan ƙasa ce wani Musulmi mutumin Panjab, Kofur Fazal Din, ya yi abin da ya kamata mu riƙa tunawa.

Ran 2 ga Maris, 1945, kusa da garin Mektila, Japanawa suka shiga ramummuka suna ɓarin wuta, suka tsare mutanensa. Shi da kansa ya tasam ma rami na kusa da gurnati, ya kashe bakinsa. Ana cikin haka sai ga wasu abokan gaba sun fito daga wani gida, hafsoshi biyu na gabansu da takubba tsirara. Mai bindigar Fazal Din ya harbe ɗaya, harsashi ya ƙare masa, ɗayan ya sare shi. Fazal Din ya kawo gudummawa, hafsan nan ya soke shi a ƙirji har tsinin takobi ya ɓullo ta baya. Da hafsan ya zare, sai Fazal Din ya fizge takobin, ya kashe shi da shi. Ya kashe wani kuma, ya hangi ɗan'uwansa na kokawa da na uku, ya je ya cece shi. Sa'an nan ya ɗaga takobi yana ƙarfafa mutanensa, ya taka yadi wajen 25 yana tangaɗi don ya kai wa na gaba da shi rahoto, ya faɗi. Ba a jima ba Allah ya karɓi abinsa, yana da shekara 23. Aka ba shi lambar Biktoriya, wadda babu ta sama da ita ga jaruntaka a sojan Ingila.

Jama'a, ku dubi yadin nan 25. Mutumin da ransa ke fita bai yarda ya bar aikinsa a warwatse ba. Mu ba a nemi jininmu ba, amana kaɗai aka ba mu: kuɗin jama'a, da shari'ar talaka, da gaskiyar rahoto. Wanda ya ci ta, ina hujjarsa?

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa mu riƙe amana. Amin.