Tabkin Madarunfa: tsuntsu ya sauka, saniya ta sha

Jawabi ga makiyaya a taron lambar bisashe



Wata magana tana yawo a rugage, wai tun da aka sa Tabkin Madarunfa cikin wuraren da duniya ke karewa, za a hana shanu shan ruwa saboda tsuntsaye. To, ku saurara.

A 1971 ƙasashe suka taru a garin Ramsar na Iran, suka yi alkawalin kiyaye tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga a 1987, tabkinmu kuma ya shiga lissafin a 2019. Alkawalin bai ce a kori kowa ba. Cewa ya yi a ci amfanin wurin da hankali, kada ya ƙare. Dokar kiwo ta 2010 ma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dukiyarsa.

Me ya sa ake kare shi? Da ɗari tsuntsaye suna ƙetaro hamada daga Turai su sauka nan, su tarar da kirinjijiya da zalɓe. Amma ruwan da suke nema, shi ne saniyarka ke nema a bazara. Tun da aka datse gulbi a Jibiya wajen 1990, ruwan Gulbin Maraɗi ya ragu, ga kuma yashi yana cike tabkin. Ran da tsuntsu ya rasa wurin sauka, ran nan garkenka zai koma igiya da guga.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Na ɗaya, a bi burtali, a shayar a mashayar da aka sani. In garke ya kutsa ta ko'ina, kofato yana rusa gaɓa, ƙasa ta zuba cikin ruwa, a tattake sheƙa da ƙwai.

Na biyu, kada a bar bisashe su wuni cikin laka. Nan ne ƙananan dodon koɗi suke, su ne ke ɗauke da tsutsar hanta. Tana fita ta manne jikin ciyawa, dabba ta ci. Sai ka ga rama, haɓa ta kumbura, nono ya ragu, mahauci kuma ya zubar da hantar. Wanda ya ga haka ya zo ofishin dabbobi, akwai magani.

Na uku, kada a sassabe itacen bakin ruwa, kada a sa wuta. Saiwarsu ce ke riƙe ƙasa.

Na huɗu, kada a wanke galan ko famfon maganin kaska cikin tabki. Yana kashe kifi, kuma ruwan nan mutane ma suna sha.

Na biyar, a ja wa yara kunne su bar ɗibar ƙwai. In kun ga tsuntsaye sun mutu da yawa, kada ku taɓa, kada kaji su je wurin, ku sanar da mu ko ma'aikatan daji nan take. Ba ku manta murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba.

In manomi ya toshe burtali ko mashaya, ban da sanda. A kai wa mai gari da kwamitin filaye.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu kafin mu soma lamba. Allah ya albarkaci dukiya, ya ba mu damina mai kyau.