Miƙe Bayanka Kafin Ka Amsa

Karatu: Farawa 2:7; 1 Sarakuna 19:1-8

Yau maganata da ku ce, ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai, musamman masu aikin dare.

Kwanakin baya wani ɗan ikkilisiyarmu ya zo gidana da takardar sallama a hannu. A kamfanin roba yake. Ya yi awa 12 a ranƙwafe kan inji, heluma ya yaɓa masa magana, shi kuwa ya mayar da wadda ta fi ta zafi. Aikin shekara 9 ya tafi ke nan, ga yara huɗu a makaranta. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Pasto, ƙirjina ne ya cika."

Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya daɗe a ranƙwafe ya matse cikinsa, tsokar da ke ƙarƙashin huhu ba ta sauka sosai, numfashi ya zama gajere-gajere, irin na mai tsoro. A haka ƙaramar magana ma sai ta zama wuta.

Littafin Farawa ya nuna mana cewa da numfashi Allah ya rayar da Adamu. Iliya kuma, da ya guje wa Yezebel har ya roƙi mutuwa a jeji, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya. Mu fastoci mukan yi saurin cewa rashin bangaskiya ne, alhali wani lokaci gajiya ce kawai.

To, ɗan'uwa, in zuciya ta taso, kafa ƙafafunka biyu a ƙasa, miƙe bayanka, sassauta kafaɗu. Shaƙi iska ta hanci har cikinka ya taso, kana ƙirga 4. Sake ta a hankali kana ƙirga 6. Fitarwar ce ya kamata ta fi tsawo, gama a lokacin fitar numfashi ne bugun zuciya yake raguwa. Sau shida, minti ɗaya ke nan, sa'an nan ka amsa wa heluma. Yi haka kuma a ƙofar gida kafin matarka ta tarye ka.

Amma ku na kamfanonin jima a Challawa, kada ku ja dogon numfashi a bakin magungunan fata. Ku sa takunkumi, ku jira sai kun fita fili. Wanda tari ya ƙi barinsa, ko ƙirji yana masa ciwo, asibiti zai tafi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tuna da bayinka da ke tsaye kan inji a daren nan, da ɗan'uwanmu da ke neman wani aiki. Cikin sunan Yesu. Amin.