LACCA: LITTAFIN ƊAN KASUWA DA LITTAFIN ASIBITI

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Gombe, musamman Tudun Hatsi inda ake lodin wake da masara zuwa Ikko da Badun da Anacha, ya san ba a raba babban dillali da littafinsa. Buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya biya, wa ake bi bashi, duk a rubuce suke. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963 ciniki da Kurmi ya bunƙasa, kuma fatake sun daɗe da gane cewa wanda bai riƙe lissafi ba uwar kuɗi yake ci bai sani ba. To, haka al'amarin yake a wajen kiwon lafiya, sai dai a nan rayukan mata da jarirai ake lissafawa.

Jihar Gombe, wadda aka cire daga Jihar Bauci a 1996, tana da ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114. A kowane ƙaramin asibiti akwai rajistar awon ciki, da ta haihuwa, da ta allurar rigakafi. Idan wata ya ƙare, malamin asibiti yakan tattara jimla a takarda ɗaya ya aika hedkwatar ƙaramar hukuma. A can ne jami'in ƙididdiga yake shigar da ita cikin kwamfuta, a wani tsari mai suna DHIS2 wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take kula da shi. Daga nan alƙaluman su wuce Gombe, su wuce Abuja, inda ake dubansu wajen raba magani da allurai da ungozomomi.

Masana daga Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta London, a ƙarƙashin shirin IDEAS, sun haɗa kai da Hukumar Kiwon Lafiya Matakin Farko ta jihar, suka gwada rajistocin asibitoci da abin da ke cikin kwamfuta. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna cewa kashi 10 zuwa kashi 60 cikin ɗari na ayyukan da aka rubuta a rajista ba su isa kwamfuta ba, gwargwadon irin aikin. Watau an yi aikin, amma labarinsa ya maƙale a hanya. Asibitin da ya karɓi haihuwa da yawa, aka rubuta masa kaɗan, kason kaɗan za a aiko masa, kuma matar da ta zo daga baya ita za ta tarar magani ya ƙare.

Ba a tsaya ga gano cuta ba. A 2017 da 2018 an horar da jami'an ƙananan hukumomi yadda za su riƙa bin lissafinsu da kansu, suna kwatanta rajista da takardar wata, suna haɗuwa su duba kurakuran juna. Binciken da ya biyo baya ya nuna rahotanni sun ƙara cika da daidaito. Wannan shi ne aikin akawun asibiti da masanin ƙididdiga, wanda jama'a ba sa gani, alhali likita da mai bincike duk a kansa suka dogara.

Mutumin Arewa da ke zaune a Agege ko Sabo ta Badun ko Fatakwal yana da hannu a cikin wannan magana, domin shi ne ya fi saurin ɓacewa a lissafi: gida an ce ya tafi, Kudu an ce baƙo ne. Saboda haka ya kamata ya kai iyalinsa awo a asibitin unguwar da yake, ya yi wa jariri rajistar haihuwa, ya adana katin rigakafi kamar yadda yake adana rasidin kaya, ya taho da shi idan za a zo gida Salla don a ci gaba daga inda aka tsaya. Idan ma'aikatan binciken lafiya suka yi sallama a ƙofarsa, ya duba shaidarsu, sa'an nan ya ba su amsa ta gaskiya. Wanda kuma Allah ya ba ɗa ko 'ya mai kaifin lissafi, ya ƙarfafa masa gwiwar karatun ƙididdiga, gama asibitocin Arewa suna bukatar masu riƙe littafi amintattu.

Allah ya ƙara wa jama'a lafiya, ya mai da kowa gida da alheri, amin.