Mista Moto da Zamanmu na Sabo



Malamai a yi mana afuwa, yau zancen silima muka kawo. Mu da muka tashi a nan Sabo ba mu manta yadda muke sulalewa daga makarantar dare mu tafi Scala kallon Indiya ba, mu dawo mu sha bulala. To, kwanan baya yara suka kunna mana wani tsohon fim a waya, irin baƙi da farin nan, wanda ya girmi wasu iyayenmu. Tun ranar abin yake cin mu a rai.

Jarumin sunansa Mista Moto, mutumin Japan, gwanin bin sawun masu laifi. Ɗan gajere da tabarau, ga ladabi kamar ya kwanta maka, amma in an kai shi bango sai ya ɗaga ƙato ya maka da ƙasa. Wani marubucin Amurka, John P. Marquand, ya ƙago shi a 1935, kamfanin 20th Century Fox ya yi fim 8 a kansa daga 1937 zuwa 1939. A wanda muka kalla, Mr. Moto's Last Warning, ya ɓad da kama ya zama mai kanti a Port Said ta Masar, ɗan kasuwa kamarmu, har ya tona asirin masu shirin tarwatsa jiragen yaƙin Faransa a bakin mashigin Suwez.

Sai daga baya muka ji wanda ya fito a Moton ba Bajapane ba ne. Peter Lorre ne, Bayahuden Turai da ya gudo daga Jamus a 1933. Kwalliya aka yi masa aka ce ga Bajapane. Jama'a, wannan bai tuna muku komai ba? Sau nawa muka ga Bahaushe a fim ɗin Kudu, maigadi ne da buta da rediyo, Yarbancinsa a karkace? Mu ma har dariya muke taya su.

An daina fim ɗin a 1939, lokacin da jinin Amurka da Japan ya fara ɓaci. A Disamba 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor. A 1942 gwamnatin Amurka ta kwashe Japanawa kusan 120,000 ta tsare a sansanoni, alhali yawancinsu haifaffun ƙasar ne. Masu kanti da gona suka sayar a wulaƙance. Tafin da aka yi wa Moto bai hana komai ba. Sai a 1988 aka ba su haƙuri, da dala 20,000 ga duk wanda ya rage da rai.

An kafa Sabo tun 1916. Kakanninmu sun kawo shanu sun kai goro Arewa, an haife mu nan, Yarbanci a bakinmu kamar ruwa, muna da surukai da aminai cikin mutanen gari, Allah Ya saka musu. Duk da haka kowa ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairu 2021, rigimar mutum biyu ta cinye rayuka da rumfuna. Mu nawa ne a nan muke da takardar rumfarmu a hannu?

Su Japanawa ba su tsaya ga Moton aro ba. Marubucinsu Seishi Yokomizo ya fito da nasu mai binciken, Kindaichi, a 1946, aka yi fim ɗinsa a 1947. Mu ba mu ce a yi fim ba. Roƙonmu biyu ne. Samari masu waya su zauna da tsofaffinmu, fatoman goro da dillalan shanu, su naɗi labarinsu tun suna raye. Sannan ƙungiya ta kafa kwamitin da zai bi rumfa-rumfa ya duba takardun kowa. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa bayan Magariba.