Neman Haihuwa A Asibiti Bayan Shekara 40



An nemi in yi bayani a kan wata damuwa da ke cikin gidajenmu da yawa, amma kunya ta hana a tattauna ta a fili, wato halin matar da ta haura shekara 40 tana neman haihuwa, ko don jinkirin aure, ko don ta daɗe a ɗakin miji ba ta samu rabo ba.

Mu da ke zaune a birane mun sha jin labarin dashen ciki da likitoci ke kira IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sa'an nan a mayar cikin mahaifarta. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila a shekarar 1978, kuma tun 1980 malaman Azhar suka halatta shi, muddin tsakanin miji da matarsa ne, ba tare da ƙwai ko maniyyin wani ba.

To amma wajibi ne mu san iyakar wannan magani. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwayaye kimanin miliyan 1 zuwa 2, kuma ba sa ƙaruwa. Kullum raguwa suke yi, ingancinsu ma yana raguwa. Ƙididdigar Birtaniya ta 2019 ta nuna cewa a cikin dashe 100 da aka yi wa matan da ba su kai shekara 35 ba, kimanin 32 ne suka kai ga haihuwa. Ga masu shekara 40 zuwa 42, adadin ya sauko zuwa 11, ga masu 43 zuwa 44 kuwa 5 kacal. Haka nan ɓarin ciki ya fi yawa a waɗannan shekaru. Saboda haka duk wanda ya yi maku alkawarin tabbas, ku yi hattara da shi kafin ku sayar da gona ko fili.

Ban faɗi wannan don a yanke ƙauna ba, domin waɗancan 11 ɗin ma iyaye ne a yau. Manufata ita ce mu daina ɓata lokaci. Matar da ta wuce 35 ta ga likitan mata bayan wata 6 ba ciki, wadda ta kai 40 kuwa kada ta jira ko kaɗan. Shekarun da ake kashewa wajen shan jiƙe-jiƙe su ne masu tsada, don ba sa dawowa.

Ku kuma maigidanta, sau da yawa matsalar daga ɓangaren namiji take, kuma gwajinku ya fi sauƙi da arha. Ku raka iyalinku asibiti a auna ku tare, kafin dangi su fara gori ko zancen ƙarin aure.

Haihuwa ta Allah ce, nema kuwa namu ne. Allah Ya ba masu nema zuriya ta gari, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.