TATTALI DA ƘANA'A A RAYUWAR ƊALIBI MUSULMI

 

Ya ku ƙannenmu ɗalibai 'yan asalin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo. Mun san a cikinku akwai masu karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, akwai na Jami'ar Jihar Sakkwato da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Tunda hutu ya ƙare, kowa yana ɗaure jakarsa, mun ga ya dace mu tunatar da juna game da 'yan kuɗin da za a damƙa muku a bakin tasha.

DAGA INA KUƊIN SUKA FITO?

Tirmizi ya ruwaito cewa daga cikin abubuwan da za a tambayi bawa ranar alƙiyama akwai dukiyarsa, ta ina ya same ta kuma a ina ya kashe ta. Ɗalibi ba shi da wahala wajen amsa tambayar farko. Kuɗin rajistarsa buhun albasa ne da mahaifinsa ya yi wata huɗu yana ban ruwa a fadamar Goronyo, ko tafarnuwa da shinkafar Wurno, ko tunkiyar da mahaifiya ta kiwata a Rabah ta sayar ba don tana so ba. Kun fi mu sanin cewa rashin tsaro ya hana mutane da yawa a gabashin Sakkwato zuwa gonakinsu na nesa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, kuɗin mota da taki da abinci duk suka tashi. Kuɗin da ya fito ta irin wannan hanya amana ne. An ba ku shi domin karatu, wanda kuwa ya juya amana zuwa wani abu dabam ya ci amana, ko da mai ita bai sani ba.

MATSAYIN SHARI'A

Musulunci ya ajiye mu tsakanin gaɓa biyu. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Allah (S.W.T.) Ya hana almubazzaranci, Ya danganta masu yinsa da shaiɗanu. A aya ta 29 Ya hana ƙanƙame hannu, Ya kuma hana sakinsa gaba ɗaya har mutum ya koma abin zargi. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Ya sanya tsakaitawa wajen ciyarwa cikin siffofin bayinSa na ƙwarai. Malamai sun bambanta israfi da tabziri: israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da ya halatta, tabziri kuwa shi ne kashe dukiya a inda bai halatta ba, ko da ƙwandala ɗaya ce.

Wasu suna zaton ajiya domin gobe rashin tawakkali ne. Wannan kuskure ne. Annabi Yusufu (A.S.) ya umarci mutanen Masar da su adana hatsin shekara bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa domin shekara bakwai na fari. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara, alhali babu wanda ya kai shi tawakkali.

Misalin wannan yana ƙofar gidanmu. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala gininta a kan Gulbin Rima a 1984, an yi ta ne domin ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ba ta ƙirƙirar ruwa ko ɗigo. Aikinta ta tare na damina, ta riƙa sakinsa da ma'auni a lokacin rani, da haka masu noman rani da mutanen birnin Sakkwato suke amfana. Makon farko na zangon karatu shi ne daminar ɗalibi, makon jarrabawa kuwa shi ne tsakiyar bazararsa. Wanda ya buɗe ƙofofin duka a makon farko zai shiga ɗakin jarrabawa da yunwa.

HANYOYI SHIDA NA TATTALI

Na farko, rubuta lissafi. Ranar da kuɗi suka shigo, kafin a sayi ko tsinke, a fitar da na rajista da na ɗakin kwana da na littattafai. A ware kuɗin motar komawa gida a ɓoye shi. Abin da ya rage a raba shi bisa yawan makonnin zango. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Addinin da ya ba rubutun kuɗi wannan matsayi bai dace mabiyansa su riƙa cewa ba su san inda kuɗi suka tafi ba.

Na biyu, a ɗauki abinci daga gida. Ku 'ya'yan manoma ne. Shinkafa da wake da garin gero da albasa da kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa duk sun fi sauƙi a nan. Wasu suna jin kunyar a gan su da ƙullin kuka a tashar mota, alhali abin kunya shi ne roƙon abokai a ƙarshen wata. Mutum uku ko huɗu su haɗa tukunya ɗaya, gawayi ko gas ɗin da ɗaya zai ƙone shi kaɗai sai ya ishe su duka, ga kuma albarkar cin abinci cikin jama'a wadda sunna ta kwaɗaitar a kai.

Na uku, a lura da wayar hannu. Ɗalibin da yake sayen data ta Naira 500 kullum yana kashe Naira 15,000 a wata, Naira 60,000 a zango mai wata huɗu. Kowa ya tambayi kansa kashi nawa na wannan ya tafi wajen karatu, nawa kuma ya tafi wajen kallon abin da ba zai so mahaifinsa ya leƙo ya gani ba. Haka nan kuɗin kabu-kabu a kan tafiyar da ƙafa za ta iya yi.

Na huɗu, a nisanci bukukuwan da Allah bai saukar da wani dalili a kansu ba. Bikin zagayowar ranar haihuwa, da anko a kowane taro, da shagalin ranar gama jarrabawar ƙarshe inda maza da mata suke cakuɗuwa suna rubuce-rubuce a rigunan juna, duk sun haɗa saɓo da hasara. Da'awar sunna ta daɗe tana yaƙar al'adun da suke talauta mutane a wajen aure da suna da rasuwa. Bai kamata mu rushe su a gida ba, sannan 'ya'yanmu su gina sababbi a makaranta.

Na biyar, a guji riba da caca. Manhajojin ba da bashi a waya suna ɗora riba, wanda ya kasa biya kuma su tozarta shi a wurin danginsa. Cacar ƙwallo caca ce, hukuncinta yana aya ta 90 a Suratul Ma'ida, ko da an sauya mata suna. Masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda su ma kun ga ƙarshensu: MMM ta tsaya da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, CBEX ta rushe a watan Afrilu na 2025. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na shida, a yi hattara har da bashin da ya halatta. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rance marar ruwa ta asusun NELFUND, tana biyan kuɗin makaranta tare da Naira 20,000 a wata na ɗawainiya, a kan za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Mabuƙaci ya karɓa, amma ya sani bashi ne a wuyansa. Annabi (S.A.W.) ya yawaita neman tsari daga bashi, ya kuma bayyana cewa yakan kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Naira 20,000 a kwana talatin ba ta kai Naira 700 a yini ba, saboda haka ba kuɗin sauya waya ba ne. Wanda ya sami rara ya shiga adashi da amintattun 'yan uwa, wanda mafi yawan malaman wannan zamani suka halatta, ko ya ajiye a bankin da ba ya mu'amala da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012.

TATTALI BA ROWA BA NE

Kada wani ya fita daga nan ya hana kansa abinci har ya kwanta ciwo, ko ya ƙi sayen littafin da karatunsa ya dogara a kai, ko ya ga ɗan ɗakinsa ya kwana da yunwa ya kau da kai. Mai tattali shi ne yake da abin bayarwa ranar da ɗan uwansa ya rasa. Muna kuma ƙarfafa ku da neman na kanku a lokacin hutu, ko koyar da yara, ko ɗinki, ko gyaran waya, ko shiga fadama tare da iyaye. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a ribaɗin Wurno har ya rasu a nan a 1837, masu tarihi sun ruwaito cewa daga abin da ya nema da kansa yake ci, ba daga baitulmali ba. Idan mai riƙe da daula ya yi haka, ɗalibin da ya tashi a Wurno ba shi da uzurin raina sana'a.

Ya ku iyaye da kuke wurin nan, ku ma ku taimaka. Ku gaya wa 'ya'yanku gaskiyar abin da kuke da shi, ku tambaye su lissafi idan sun dawo, kuma kada a fifita ɗa namiji a kan 'ya mace wajen guzuri.

Ya ku ƙannenmu, yawancinku gobe ku ne malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ma'ajin ƙananan hukumomin nan uku. Wanda ya kasa riƙe amanar Naira 20,000 ta kansa, ina zai riƙe ta jama'a? Muna roƙon kowannenku ya sayi ƙaramin littafi kafin ya hau mota, ya rubuta a shafin farko adadin abin da aka ba shi da abin da aka sayar kafin a ba shi, ya kawo mana shi mu duba tare idan Allah Ya kai mu hutu mai zuwa.

Allah Ya azurta mu da wadatar zuci, Ya tsare mu daga riba da ƙangin bashi, Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya kawo zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.